Agogon cikin jiki: mai ƙosai da mai shayi, kowa da lokacinsa

Duk wanda ya taɓa kwana a Dawce ya san garin ba ya yin barci gaba ɗaya. Mai shayi na kife kofunansa, mai tsire na kashe wuta, ba a jima ba mai ƙosai ta tashi ta duba waken da ta jiƙa. Kafin kiran assalatu, masu kai rake da kayan lambu Matameye, Kance ko Damagaram sun ɗaure kaya, masu ƙetarawa Najeriya ta Ɗan Barto suna jiran mota.

Wata mai sauraronmu a radiyo, mai tuwon saidawa, ta kawo mana kuka: ita ƙarfe 4 idonta biyu, amma ɗiyarta budurwa sai an yi ta tada ta, ga faɗa kullum, ga ciniki na wucewa. Ta tambaye mu ko akwai maganin ragwanci. Jama'a, kafin mu kira mutum rago, ya kamata mu san abin da masana suka gano.

Agogon da ba ya son pil

A cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum, daidai bayan idanu, akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta wajen 20.000. Su ne ke gaya wa jiki gari ya waye ko dare ya yi. Haske ne ke saita su. In duhu ya shiga, jiki na sakin wani sinadari mai suna melatonin, mai kawo gyangyaɗi. Gab da asuba kuma ya saki wani, kortizol, mai tada mutum. Zafin jiki, bugun jini, yunwa, duk wannan agogo suke bi.

A shekarar 1962 wani Bafaranshe, Michel Siffre, ya shiga kogon dutse ya yi wata biyu, ba rana ba agogo. Lissafin kwanaki ya ɓace masa: an fito da shi ranar 14 ga Satumba, shi yana zaton 20 ga Agusta ce. Amma jikinsa bai ɓata ba, ya ci gaba da barci da farkawa a kan awa 24 da ƴan kai. A 2017 kuma aka ba masana uku ƴan Amurka, Jeffrey Hall, Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel saboda sun gano yadda wannan agogo ke aiki, ta hanyar bincike kan ƙananan ƙudaje.

Ɗan sammako da ɗan raba dare

Agogon kowa da irin tafiyarsa. Akwai ɗan sammako, wanda isha'i na wucewa ya fara hamma. Akwai ɗan raba dare, wanda sai bayan magariba kansa ke buɗewa. Mafi yawanmu muna tsakani. Wani ɓangare na wannan gado ne, kamar tsawo ko launin fata. Shekaru ma na juya shi: yaro ƙarami na tashi da wuri, da ya fara balaga agogonsa ya ja baya har zuwa wajen shekara 20, daga nan ya riƙa dawowa sannu a hankali. Shi ya sa kaka ke riga zakara tashi, jikarta kuwa tana ta minshari.

Wannan bambanci ma alheri ne. A 2017 an wallafa wani bincike kan mutanen Hadza na Tanzaniya, masu rayuwa da farauta. An bi barcin mutum 33 har kwana 20, aka tarar minti 18 kaɗai suka taɓa yi dukansu suna barci lokaci ɗaya. Kusan kowane lokaci akwai mai ido biyu da ke gadin sauran.

Inda matsalar take

Matsala na zuwa ne in sana'a ta ja gabas, agogon jiki ya ja yamma. A Birtaniya an bi lafiyar mutum fiye da 430.000 na wajen shekara shida da rabi. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna ƴan raba dare sun fi ƴan sammako haɗarin mutuwa da kashi 10 cikin 100, sun kuma fi fama da ciwon suga da damuwar zuciya. Masana na ganin laifin ya fi rataya ga tilasta wa jiki tashi a lokacin da ba nasa ba, da halaye irin shan taba da cin abinci tsakar dare. Tun 2007 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa aikin dare na dindindin cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna kawo cutar, ta kuma sake tabbatar da haka a 2019.

Mu duba gida. Babba na bukatar aƙalla awa 7, matashi awa 8 zuwa 10. Ɗiyar da ta dawo tallar dare ƙarfe 11, aka tada ta ƙarfe 4 don kai niƙa, awa 5 ta samu. Direban kamiyo da ɗan kabu-kabu da ke korar barci da goro, shayi mai kauri ko ƙwayar Tramol, bashi suke ci, kuma barci ba ya yafe bashi. Tsakanin ƙarfe 2 da ƙarfe 6 na asuba jiki ya fi rauni, nan ne mota ke kwace wa mutum. Ke ma da ke zaune a rumfa, in barci ya yi ƙaranci, canji na rikicewa, fushi na kusa, mai saye ya wuce rumfar gaba.

Abin da za mu iya yi

Mu a nan rana na fitowa tsakanin ƙarfe 6 da ƙarfe 7 duk shekara, wannan babbar sa'a ce. Hasken safiya na jawo agogon jiki gaba, don haka mai wahalar tashi ya fito tsakar gida da zarar gari ya waye. Hasken salula da tele da dare kuwa baya yake tura shi, a aje su awa guda kafin kwanciya. A tsaida lokacin kwanciya da na tashi, ranar kasuwa da wadda ba ta kasuwa ba. Goro, shayi da kofi a rage su daga la'asar, domin bayan awa 5 rabin ƙarfinsu na nan cikin jini. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar tana wartsakarwa, in ta yi tsawo sai ta ci barcin dare. Mai minshari mai ƙarfi, ko mai hawan jini da barci ke gagara, ya je gidan likita.

Mai tuwon nan kuwa mun ba ta shawara su raba aiki: ita ta riƙe girkin safe, ɗiyar ta riƙe cinikin yamma da lissafin kuɗi, kuma a daina haɗa mata tallar dare da niƙan asuba. Gaskiya ne da sanyin safiya ake kama fara, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.