Kafin Iƙama Ta Mutu

Gidaje da dama a Tudun Wadan Zariya suna da ɗa ko 'ya a ƙasar waje. Wasu suna Jidda da Riyad suna aikatau ko tuƙi, wasu kuma, musamman masu takardar aikin jinya, suna Ingila suna kula da tsofaffi. Abin da ya haɗa su shi ne zaman kowannensu rataye yake a wuyan mutum ko kamfanin da ya tsaya masa, kuma takardar zaman tana da ranar mutuwa. Idan ranar ta matso sai saƙon murya ya shigo wayar gida: "Inna, iƙamata saura wata biyu, kafili kuma ya daina ɗaga wayata." Amsar da ake mayarwa kusan iri ɗaya ce ko'ina: "Ki daure ki lallaɓa, kowa ma haka yake zaune. Kar ki dawo mana hannu rabbana."

Wannan amsa tana halaka 'ya'yanmu, kuma yaɗuwa take yi. Mai ba da ita yana ganin ƙarfafa gwiwa ya yi, alhali tura ɗansa ya yi ya karya dokar ƙasar da ba shi da kowa a cikinta.

Mu fara da Saudiyya, inda mutanenmu suka fi yawa. Sabunta iƙama, wato takardar zama, nauyin kafili ne, kuma jinkiri yana jawo tara: riyal 500 a karon farko, 1,000 a karo na biyu. To amma wanda 'yan sanda za su tare a hanya ma'aikaci ne, kafili yana gidansa yana shan shayi. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne tun ranar 14 ga Maris 2021 dokar ƙwadago ta ƙasar ta sauya. Ma'aikacin kamfani yana iya komawa hannun wani mai aikin ba tare da yardar kafilin farko ba idan an hana shi albashi wata uku a jere, ko aka bar takardar izinin aikinsa ta mutu ba a sabunta ba. Ta manhajar Qiwa ake yi, a waya. Masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba su shiga wancan gyaran ba, wanda kuwa nan ne matanmu suka fi yawa, amma su ma suna da ƙofarsu: manhajar Musaned da ofishin ƙwadago, kuma hana albashi da ƙin sabunta iƙama suna cikin dalilan da ke ba su damar sauya gida. Wanda bai samu sabon kafili ba yana iya neman bizar fita ta ƙarshe, ya tattara kayansa ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano da mutuncinsa, sunansa fes a kwamfutar jawazat, wato hukumar shige da fice. Riƙe fasfon ma'aikaci ma haramun ne a dokar ƙasar, duk da cewa ana yi kullum.

Duk waɗannan ƙofofi a buɗe suke ga wanda bai gudu ba. Ranar da yarinya ta tsallake katanga da daddare ta koma ɗakin 'yan takari a wata unguwa, kafili zai buga mata hurub, wato ya sanar da hukuma ta tsere, daga nan mai ƙara ta zama wadda ake nema. Ma'aikatan kamfani, tun daga Oktoba 2022, ana ba su kwana 60 bayan an kai rahoton rashin zuwansu aiki, su samu wani kafili ko su fita. Kwana 60 ba wani abu ba ne ga mutumin da bai ma san ana ƙirga masa ba, tunda wanda ya ba shi mafaka ya ce ya kashe waya ya kwanta.

Zaman da ake kira lallaɓawa, ga yadda yake. Babu asusun banki, babu layin waya da sunanka, kuɗin da za ka aiko gida sai ta hannun wani, in ya cinye ba ka da wurin kai kuka. Ka yi aikin wata shida a hana ka haƙƙinka, mai aikin ya san ba za ka tunkari hukuma ba. Ciwo ya kama ka, kana tsoron ƙofar asibiti fiye da ciwon. Mace ta haihu, ɗan ya tashi ba takardar can ba ta nan. Ƙarshen tafiyar kuwa sananne ne: kame, sai tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a kora, na Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka, a ɗauki zanen yatsu, a ɗora mutum a jirgi da kayan jikinsa, a rufe masa hanyar komawa aiki. A Janairun 2021 gwamnatin Najeriya ta kwaso mutum 802 daga Saudiyya cikin kwana biyu, kuma babu wanda ya je tarbarsu da kalangu.

A daidai wannan gaɓa ne dillalai ke cin kasuwarsu. Wani zai ce yana da mutum a jawazat da zai goge hurub, kawo dubban riyal. Wani zai ce ka dawo gida a yi maka sabon fasfo da wani suna, sai ka ce yatsun hannunka ma za a sauya. Wasu kuma su ce a jira afuwa, tunda an yi a 2013, an kuma yi a 2017 lokacin da aka ba masu zaman ba bisa ƙa'ida ba kwana 90 su fita ba tara. An yi ɗin, gaskiya ne. Amma afuwa kyautar sarki ce, ba ta da kalanda, kuma abin da ta 2017 ta bayar shi ne damar fita ba hukunci, wanda shi ne dai abin da mutum yake da shi a hannu tun kafin takardarsa ta mutu.

Na Ingila kada su ɗauka wannan magana ta 'yan aikatau ce kawai. Digiri daga jami'a a Samaru ko Kongon Zariya ba ya hana biza mutuwa. A can, idan aiki ya ƙare ko gwamnati ta ƙwace lasisin kamfanin da ya ɗauki nauyinka, ma'aikatar cikin gida tana rage bizarka zuwa kwana 60, ko abin da ya saura in bai kai haka ba. A Maris 2025 gwamnatin Birtaniya ta ce tun daga Yulin 2022 ta soke lasisin kamfanonin kula da tsofaffi da marasa lafiya fiye da 470, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Yawancin waɗannan ba su yi laifin komai ba, kamfanin ne ya yi. Hanyar da doka ta bari ita ce a samu wani kamfani mai lasisi, a shigar da sabuwar takardar neman biza kafin tsohuwar ta ƙare. Wanda ya yi haka zamansa halal ne har a yanke hukunci, ko da ranar ta wuce yana jira. Wanda ya zarce fiye da kwana 30 ba takarda, ko da ya fita da kuɗinsa don kansa, za a hana shi shiga aƙalla shekara guda, wanda aka kora kuwa yana iya kai shekara 10. Sannan tun 22 ga Yuli 2025 an rufe ɗauko sababbin masu wannan aikin kulawa daga waje. Saboda haka duk ejan da ya zo Tudun Wada yau yana tallar bizar kula da tsofaffi a kan miliyoyin naira, kayan da babu su yake sayarwa. Takardar ɗaukar nauyi ma ba abin sayarwa ba ce, dokar can ta hana a ɗora wa ma'aikaci kuɗinta.

Na san abin da ke sa iyaye yin waccan magana, kuma ban raina shi ba. An sayar da fili a Tudun Jukun, an ci bashin 'yan uwa, an zuba adashin shekara don a biya ejan. An gaya wa maƙwabta yarinya tana Saudiyya, ana ce wa uwarta Hajiya tun ba ta je ba. Dawowarta ba komai a hannu abin kunya ne, ga masu bin bashi a ƙofar gida. To amma a zauna a yi lissafi da hankali. Wadda ta fito ta hanyar doka tana iya bin haƙƙinta a ofishin ƙwadago kafin ta taso, tana iya sake neman aiki a can ko wata ƙasa. Wadda aka ce ta daure, in ta yi sa'a za ta riƙa aiko ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na shekara ɗaya ko biyu, sannan ta dawo daga tarhil da rashin lafiya, bashin yana nan, filin ya tafi, hanyar ta toshe. Kunyar da aka guje wa ita ce za ta zo, ta zo da ƙanwarta.

Malamanmu da masu unguwanni suna da hannu a gyaran nan. Ana wa'azi kan tsadar aure da shaye-shayen matasa, amma da wuya ka ji limami ya tsaya ranar Juma'a ya ce wa iyaye haƙƙin ɗa ne a bar shi ya dawo. Wasu ma a gabansu ake kawo kuɗin addu'ar kada a kama wance, su karɓa su shafa fatiha, ba wanda zai tambaya ko tana da takarda.

Idan irin wannan saƙo ya shigo gidanku, ku tambayi ranar da takardar za ta mutu, ku rubuta ta. Ku tambaya fasfo yana hannun wa, kuma saura wata nawa shi ma ya ƙare, domin mataccen fasfo yana tsayar da komai, sabunta shi a ofishin jakadancinmu na Riyad ko ƙaramin ofishin Jidda ko na Landan kuwa ba aikin kwana ɗaya ba ne. Ku ce ya adana hoton kwantiragi da shaidar albashin da aka biya da wanda aka hana. Ku ce kada ya bar wurin aiki a ɓoye. Idan ana dukansa ko ana neman keta masa haddi, ya nufi 'yan sanda ko ofishin jakadanci kai tsaye, kada ya nufi ɗakin dillali. Na Ingila ya nemi lauya ko mai ba da shawara da hukuma ta yi wa rajista tun makon farko. Wanda kuma ejan ya yaudara a nan gida, ya haɗa rasit da saƙonnin waya ya kai wa hukumar NAPTIP, tana da ofishin shiyya a Kano.