Haɗarin sa barci ga yara masu cutar Hurler

A yawancin ayyukan tiyata, iyaye sun fi fargabar wuƙar likita. Amma ga yaran da aka haifa da wasu cututtukan gado da ba kasafai ake samunsu ba, mintocin farko na sa barci kan fi aikin kansa haɗari.

Ɗaya daga cikinsu ita ce cutar Hurler, wadda aka sa wa sunan likitar yara 'yar Jamus, Gertrud Hurler, da ta yi bayaninta a 1919. Akan same ta a jariri kusan ɗaya cikin dubu 100.

Me ke toshe numfashin?

Jikin yaron ba ya samar da wani sinadari mai narkar da wasu nau'o'in sukari, don haka sai su yi ta taruwa a sassan jiki.

Harshe ya yi kauri, naman bayan hanci da na maƙogwaro ya kumbura, wuya ya gajarce, hanyar iska ta tsuke.

Da zarar maganin barci ya kama, tsokar maƙogwaro takan saki, hanyar ta rufe. A nan ne likita ke buƙatar zura bututu zuwa hanyar huhu, amma sau da yawa ba ya iya hango ƙofar.

Lokaci kuwa ƙanƙane ne, domin jikin yaro ya fi na babba saurin cinye iskar oksijin.

Wani bincike da aka wallafa a 1994 daga asibitin yara na Manchester a Ingila ya nuna an sha wahalar zura bututu ga kashi 54 cikin 100 na masu cutar, kuma abin ya faskara ga kashi 23.

Dabarun likitoci

Ƙa'ida ta farko ita ce a bar yaron ya ci gaba da numfashi da kansa har sai an tabbatar da hanya.

Akwai wata roba da ake ɗorawa a bakin maƙogwaro, wadda likitan Birtaniya Archie Brain ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1980. Ta cikinta akan bi da siririn bututu mai kyamara domin a ga hanya.

Ana kuma kaffa-kaffa da lanƙwasa wuya, saboda ƙashin wuyan wasu yaran ba shi da ƙwari, kuma laka na iya samun rauni.

Akan ajiye likitan maƙogwaro a kusa, ko da za a buƙaci huda wuya, sannan ba a cire bututun sai yaron ya farfaɗo sosai.

Abin da ya rataya kan iyaye

Cutar na bayyana ne idan uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar halittar, kamar yadda yake a sikila. Kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu, kuma auren zumunci na ƙara yiwuwar haɗuwar irin waɗannan ma'aurata.

Yara da dama akan yi musu tiyatar gwaiwa ko ta cibiya tun kafin a gano cutar.

Don haka likitoci ke jan hankalin iyaye su sanar da mai sa barci idan yaro na minshari mai ƙarfi, ko numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ko an taɓa samun matsala a wata tiyatar. Wannan bayani kan sa a mayar da aikin babban asibiti mai ƙwararru da kayan aiki.