Daga Kwali Zuwa Manhaja: Cinikin Keɓe Haja a Kasuwar Fina-finan Hausa

1.0 Gabatarwa

Dillanci tsohuwar sana'a ce a kasuwar Hausa. Baƙo kan zo da kayansa ya sauka wurin fatoma, dillali ya nemo mai saye, in ciniki ya faɗa a ba shi la'ada. Amma wani lokaci attajiri ba ya jiran kaya su iso kasuwa. Sai ya tare su tun a hanya, ya ba da kafin alƙalami, da sharaɗin kada a sayar wa kowa sai shi. Wannan takarda za ta duba irin wannan ciniki na biyu, watau keɓe haja ga kanti guda, a harkar fina-finan Hausa ta Kano, tun daga zamanin kaset har zuwa na wayar hannu. Za a kuma kwatanta shi da takaddamar da ta tashi a 2018 tsakanin Steam da Epic, manyan kantuna biyu masu sayar da wasannin kwamfuta ta intanet. Dalilin kwatancen shi ne, a Kano yawancin ciniki na baka ne da amana, su kuwa waɗancan sai da kotu ta sa aka baje takardunsu a fili, kowa ya ga abin da aka biya.

2.0 Zamanin Kwali

Galibin manazarta suna ɗaukar Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa sosai. A wancan lokaci masu sayar da kaset sun riga sun kafu, musamman a kasuwar Ƙofar Wambai. Sana'arsu ita ce kwafar fina-finan Indiya da na Amurka da na Sin, da kaset-kaset na wa'azi da na waƙa. Suna da na'urorin kwafa jere a ɗakuna, suna kuma da 'yan sari masu zuwa daga Katsina da Sakkwato da Maiduguri, har da Maraɗi da Damagaram. Mai shirya fim ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ke hannunsa shi ne kaset na asali kawai.

Daga nan aka samo wata dabara mai ban sha'awa, wadda Brian Larkin ya yi bayaninta a littafinsa Signal and Noise na 2008. Furodusa zai buga kwalayen fim ɗinsa, watau bangon da ake saka kaset a ciki, mai ɗauke da hotunan 'yan wasa. Sai ya ba ɗan kasuwa kaset na asali ya kwafa, shi kuma ɗan kasuwa ya biya kuɗin kwali, kimanin naira 50 kowane ɗaya. Kaset ɗin da ake kwafar fim a kansa na ɗan kasuwa ne, ribarsa ma tasa ce. Saboda haka kalmar kwali ta tashi daga ma'anarta ta takarda mai kauri, ta zama ma'aunin cinikin fim. In an ce fim ya sayar da kwali kaza, an faɗi darajarsa ke nan, kuma kaset marar kwali na sata ne ko da hotonsa ya fi na mai kwali kyau.

Abin lura shi ne wannan tsari ba na keɓewa ba ne. Fim ɗaya kan shiga hannun 'yan kasuwa da yawa a rana guda, kowa ya kwafa gwargwadon kwalin da ya karɓa. Sai dai nauyin asara yana wuyan furodusa. Sau da yawa bashi ake karɓar kwalin, a biya bayan an sayar, wanda ya yi kwantai kuma a mayar wa mai shi. Furodusa kan yi watanni yana zarya tsakanin shaguna yana karɓar kuɗinsa kaɗan-kaɗan, har kuɗin su narke a cefane kafin su taru su isa yin wani fim.

Bayan Sangaya na kamfanin Sarauniya ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba a 1999, sai 'yan kasuwa suka gane cewa riba tana cikin mallakar fim ɗin kansa. Da faifan CD ya fara maye gurbin kaset a shekarun 2000, sai sayen haƙƙin fim dungurungum ya yawaita: ɗan kasuwa ya biya kuɗi dunƙule, faifan ya zama nasa shi kaɗai, in an ci riba tasa, in an faɗi tasa. Wasu ma suka wuce nan, suka riƙa ba da jarin yin fim tun daga farko. Ga furodusan da ya gaji da bin bashin kwali, wannan sauƙi ne babba. Amma mai ba da jari yakan zo da sharaɗi. Shi zai faɗi jarumin da yake so a gani a bango, da yawan waƙoƙin da za a saka, domin ya san abin da 'yan sari ke tambaya. Yawaitar rawa da waƙa da aka yi ta kuka da ita a fina-finan wancan zamani tana da nasaba da wannan, ko da yake ba shi kaɗai ne sanadi ba. A Legas ƙarfin 'yan kasuwa ya kai inda a 2004 suka haɗa kai suka dakatar da wasu manyan 'yan wasa na tsawon shekara guda, cikinsu har da Genevieve Nnaji, bisa zargin tsadar kuɗin aiki.

3.0 Steam da Epic

Kamfanin Valve na Amurka ya buɗe Steam a 2003. A hankali ya zama babbar kasuwar wasannin kwamfuta ta duniya, inda mutum zai biya kuɗi ya sauke wasa ba tare da ya taɓa faifai ba. La'adar Steam kashi 30 cikin ɗari ce. A ƙarshen 2018 Valve ya sassauta wa manyan wasanni, ya mai da ita kashi 25 bayan cinikin dala miliyan 10, da kashi 20 bayan miliyan 50, amma ƙananan masu ƙirƙira suka ci gaba da biyan 30.

A Disambar 2018 kamfanin Epic Games, wanda wasan Fortnite ya tara wa dukiya mai yawa, ya buɗe nasa kantin da la'adar kashi 12. Lissafin a fili yake: a wasan dala 60, Steam zai ɗauki dala 18, Epic kuwa dala 7 da 'yan kai. Sai dai rangwamen na mai kaya ne, mai saye bai gani a aljihunsa ba. Shi yana da tarin wasanninsa da abokan wasansa a Steam tun shekaru, ba abin da zai tashe shi. Sabon kanti ba ya jawo jama'a da arhar la'ada, sai da hajar da babu ita a wani wuri. Don haka Epic ya shiga tare kaya a hanya.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne Metro Exodus. An daɗe ana tallarsa a Steam, har mutane sun biya kuɗi suna jira. A ƙarshen Janairun 2019, saura mako biyu da 'yan kwanaki ya fito, aka sanar cewa an keɓe shi ga Epic na shekara guda. Waɗanda suka riga suka biya an ba su nasu, amma aka rufe ƙofa ga sauran. Valve ya rubuta a shafin wasan cewa ba a yi wa masu sayensa adalci ba, 'yan wasa kuma suka huce haushinsu a kan tsofaffin wasannin Metro, suka yi ta zuba musu mummunan sharhi. Bai koma Steam ba sai Fabrairun 2020. Borderlands 3, wanda ya fito a Satumbar 2019, wata shida aka keɓe shi.

Sai a 2021, a shari'ar Epic da Apple, aka ga kuɗin. Takardun sun nuna Epic ya lamunce wa masu Borderlands 3 cinikin dala miliyan 80, watau ko wasan ya sayu ko bai sayu ba za su karɓi wannan, ban da wasu miliyoyin na talla da na sharaɗin keɓewa. A wannan karon kuɗin lamunin sun dawo cikin mako biyu. Da yawa daga sauran wasannin ba su mayar da abin da aka zuba musu ba, kuma an bayyana cewa kantin ya yi asarar kimanin dala miliyan 181 a 2019 kaɗai. A 2023 wani jami'in kamfanin ya shaida wa kotu cewa har lokacin kantin bai fara riba ba. Shugaban Epic, Tim Sweeney, ya ce tun a 2019 in Steam zai sauko da la'adarsa zuwa kashi 12 su ma za su daina keɓe wasanni. Valve bai sauko ba.

Wannan lamuni shi ne kafin alƙalamin attajiri, kuma shi ne kuɗin dunƙule na ɗan kasuwar faifai a Kano. Mai kaya yana sayar da rashin tabbas ɗinsa ne ga wanda ya fi shi ƙarfin ɗaukar asara. Masu zagin ƙananan kamfanonin da suka karɓi kuɗin Epic sun manta cewa wanda ya yi shekara uku yana aiki da bashi ba ya raina kuɗin hannu.

4.0 Talabijin, Manhaja da YouTube

Kasuwar faifai ta Kano ta durƙushe a tsakiyar shekarun 2010. Satar fasaha ta ci ta, fina-finan Indiya masu fassarar Hausa sun janye masu kallo, sannan ga masu tura fim a waya, waɗanda ke zaune da kwamfuta a bakin titi suna zuba wa mutum fina-finai a memori da ɗan kuɗi kaɗan. Da faifai ya mutu, ikon ɗan kasuwar da ke sayen haƙƙinsa ya bi shi.

Waɗanda suka gaji wurin iri uku ne. Akwai tashoshin tauraron ɗan'adam, kamar Africa Magic Hausa da aka buɗe a 2010, da Arewa24 da ta fara a 2014. Arewa24 ta bi hanyar da ta fi sayen keɓewa ƙarfi, watau ta shirya nata da kanta. Daɗin Kowa, wanda ya ci kyautar AMVCA a 2016, da Kwana Casa'in na 2019, mallakarta ne, mai son ganin sabon kashi kuwa dole ya neme ta. Sai manhajojin biyan kuɗi, irin Northflix da aka kafa a 2019, waɗanda suka yi ƙoƙarin yi wa fim ɗin Hausa abin da iROKOtv ya fara yi wa na kudu a 2011. Matsalarsu irin ta Epic ce: sai da fim ɗin da babu shi a ko'ina za a shigo, kuma sai an biya furodusa abin da zai hana shi kai shi wani wuri. Amma ba su da wani Fortnite a bayansu da zai riƙa cike gurbin asara shekara da shekaru.

Na uku shi ne YouTube, wanda ba ya ba da kafin alƙalami, ba ya kuma neman a keɓe masa komai. Yana ba mai bidiyo kashi 55 na kuɗin talla ya riƙe 45, la'adar da ta fi ta Steam nauyi nesa ba kusa ba. Duk da haka can jama'a suke, kuma kallo kyauta ne. A 2020 Izzar So na Lawan Ahmad ya fito a tashar Bakori TV ta YouTube, Labarina na Aminu Saira kuma ya riƙa fita a Arewa24 da YouTube duka biyu. Daga nan masana'antar ta karkata ga fim mai dogon zango, domin kuɗin talla yana bin yawan kallo mako bayan mako. Ke nan kanti ya sake sauya siffar haja, kamar yadda ɗan kasuwar faifai ya taɓa cusa waƙa. (Akwai kuma mai tsaron ƙofa da ba ɗan kasuwa ba: Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a Mayun 2025, cikinsu har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kai mata su ta duba ba.)

Inda kwatancen ya rabu shi ne wajen mai saye. Ɗan wasan da ya yi fushi da Epic bai yi asarar ko sisi ba, domin manhajar kantin kyauta ce, kuma in ya yi haƙurin shekara guda wasan zai same shi a Steam. Mai kallon fim ɗin Hausa ba haka yake ba. A ɗauki misalin ɗan ci-rani daga Damagaram ko Agadas da ke aikin gini a Tamanrasset ta kudancin Aljeriya, yana kwana a unguwar Gataa El Oued. Hausa yake ji, jaruman Kano ya sani, kuma a zamanin kaset irinsa ne suka sa kwali ya ƙetare iyaka. In an kulle fim a manhajar da ke neman katin banki da intanet mai ƙarfi, an fitar da shi daga kasuwar ko da yana da niyyar biya. Ba zai jira wa'adin keɓewa ya ƙare ba. Zai miƙa wayarsa ga mai turawa, ko wani ɗan garinsu ya aiko masa ta WhatsApp ko Telegram, ya kalli fim ɗin a daren nan, kuma daga abin da ya kashe babu abin da zai isa hannun furodusa ko mai manhajar da ya biya kuɗin keɓewa.