Ƙofar Haske a Kyamarar Wayar Hannu

Abin da ake nufi da ƙofar haske shi ne ƴar kafar da haske ke bi ya shiga kyamara. Aikinta ya yi kama da na baƙin ido, wanda kan tsuke a rana, ya buɗe a duhu. Ana auna ta da lamba, misali f/1.5 ko f/2.4, kuma ya kamata ɗalibi ya lura cewa ƙaramar lamba ita ce babbar kafa. Hasken da f/1.5 ke shigarwa ya ninka na f/2.4 wajen sau biyu da rabi.

Mai ɗaukar hoton biki a unguwar Abena ta N'Djamena yana bukatar duka biyun: ƙaramar kafa da tsakar rana, babba bayan magariba. Sai dai yawancin wayoyi kafa ɗaya gare su, ba ta motsi. Dalili kuwa shi ne ƙarancin wuri. Kaurin waya bai cika kai santimita ɗaya ba, ga gilasai jere, sannan a ce a cusa ƴan faifai masu buɗewa da rufewa da abin da zai motsa su, alhali waya kullum cikin faɗuwa take.

An dai gwada. Nokia N86 ta 2009 tana da matakai uku. Samsung ya sa biyu a Galaxy S9 a 2018, ya janye su a 2020. Huawei Mate 50 Pro ta 2022 ta zo da goma, daga f/1.4 zuwa f/4.0. Akwai dalilin tsayawa a nan: idan kafar ta tsuke ainun, haske kan bazu a bakinta, hoto ya dusashe.