Wasan Cike Akwatunan Kalmomi Mai Ɓoye Amsa

Wasan cike akwatunan kalmomi mai sarƙaƙiya ya samo asali ne daga jaridun Birtaniya. Edward Powys Mathers, mai laƙabin Torquemada, ya fara shirya shi a jaridar Observer a 1926, sannan Derrick Macnutt ya tsara ƙa'idojinsa a littafinsa na 1966.

Kowace tambaya tana da sassa biyu. Ɗaya shi ne ma'anar amsar kai tsaye, yawanci a farko ko a ƙarshen jimla. Ɗayan kuwa wasa ne da haruffa. Lambar da ke ƙarshe tana nuna yawan haruffan amsar.

Ɗaya daga cikin dabarun da suka fi yawa ita ce sauya wa haruffa wuri. Idan aka ce "Koma a hargitse, kwana bakwai (4)", kalmar "hargitse" umarni ce a juya haruffan "koma", sai a samu "mako". Akwai kuma ɓoye amsa a tsakanin kalmomi biyu, da karanta kalma ta baya, da kalma mai ma'ana biyu.

Gwanintar mai shiryawa tana ga jimlar da za ta ɗauke hankali zuwa wani wuri, alhali duk kalmar cikinta tana da aikinta. Shi ya sa ƙwararru ke fara neman inda jimlar ta rabu biyu.