Fasadabur: Bishiyar da ta zaga duniya, ɗanta ba ya jure tafiya

Shirinmu na yau zai leƙa lambu ne, wurin wani ɗan itace kore mai ƙulu-ƙulu a jiki, wanda wasu ke kira fasadabur, wasu kuma gwandar masar.

Kada sunan Masar ya ruɗe ku. Asalin bishiyar yankuna masu zafi ne na nahiyar Amurka da tsibiran Karebiyan. Turawan Sifen da na Fotugal ne suka tsallaka teku da irinta zuwa Asiya, kuma duk ƙasar da ta sauka sai ta samu sabon suna. A Indiya, inda ake nomanta sosai, ana ce mata sitafal ko sharifa. Filifinawa na cewa atis. Larabawan Masar kuwa ƙishɗa suke kiranta, saboda farin naman cikinta mai laushi kamar kindirmo. Masana tsirrai sun san ta da Annona squamosa tun 1753, kuma danginsu ɗaya da gwandar dajinmu.

Bishiyar ba ta cika wuce mita 8 ba. Tana jure fari, da rani ma takan kakkaɓe ganye ta jira ruwa. Ba ƙudan zuma ke yi wa furenta barbara ba, wasu ƙananan ƙwari ne. Inda suka yi ƙaranci, manoma kan ɗauki ɗan buroshi su yi aikin da hannu, fure bayan fure.

To, yaya ake gane fasadabur ta ƙosa? Ku dubi tsakanin ƙulu-ƙulun. Idan wurin ya buɗe ya yi haske, lokacin tsinka ya yi. Daga nan kwanaki kaɗan ne ta yi laushi, ta tsage da kanta. Shi ya sa fatake ba sa son yin nisa da ita, galibi kusa da lambunta ake shanye ta.

Sai dai a kula: baƙaƙen 'ya'yan cikinta na da guba. A Indiya akan daka su a kashe ƙwarƙwata, amma garin yana illa ƙwarai ga ido. Iyaye mata, in za a ba yara, a fara cire musu 'ya'yan.