Kwarjinin Mota da Mizaninsa

Kamfanin Brabus, wanda aka kafa a garin Bottrop na ƙasar Jamus a shekarar 1977, ya shahara da ƙara wa motocin Mercedes kwarjini ba tare da ƙetare haddi ba. Sukan sauke jikin motar kaɗan, su sa mata tayoyi masu faɗi waɗanda za su cika mazauninsu, sa'an nan su rufe ƙarafanta masu walƙiya da baƙin fenti, har mai kallo ya ji haibarta tun injin bai yi ruri ba. Amma wanda ya sauke tasa fiye da kima, alhali hanyarsa ramuka ce, lalle ya yi israfi, domin gindin motar ne zai sha wahala. Mai wannan niyya ya fara duba hanyar gidansa tukuna.